Akwati ko hasumiya: da wanne za a auna kabon daskararriyar ƙasa?

Ɗalibai sun sha tambayata wanne ya dace, akwati ko hasumiya, da auna iskar kabon da ƙasar Saberiya da Alaska mai daskarewa shekara da shekaru ke saki idan ta narke, ragowar tsirran da ke cikinta suka fara ruɓewa.

Akwatin da ake kifawa a ƙasa don tara iskar da ke fitowa yana da araha, kuma yana bambance dausayi, inda iskar metan mai ɗauke da kabon ke fita, da busasshen tudu. Sai dai ɗan wuri yake aunawa, kuma dole mutum ya taka ya je. Hasumiya kuwa, mai ɗauke da na'urorin auna iska, tana auna fili mai faɗi dare da rana. Tsada ce damuwarta, ga wutar sola da ke gazawa a dogon duhun hunturu, alhali ruɓewar ba ta tsaya cak ba.

Mai ƙaramin ƙarfi da ke bibiyar ruɓewa daga wuri zuwa wuri, akwati ya ishe shi. Mai neman lissafin kabon na shekara guda, hasumiya ce tasa.