Kwanon Aluzinc bayan shekara uku a kan gidanmu na Nima

Gidanmu na gado da ke unguwar Nima a Accra ya daɗe ƙarƙashin kwanon langa-langa, har tsatsa ta cinye shi ta wuraren da ƙusoshi suka shiga, ta yadda da zarar hadari ya haɗu sai Hajiya ta jera bokitai a tsakar ɗaki. Da muka tashi sauya rufin na zaɓi Aluzinc mai kaurin milimita 0.4, kuma yau shekararsa uku a kanmu.

Abin da ya ja ni gare shi shi ne iskar Accra, wadda ke ɗauko gishirin teku tana gaggauta tsatsar ƙarfe. Aluzinc ƙarfe ne da aka lulluɓe da haɗin da kashi 55 cikin 100 nasa alminiyum ne, sauran kuma kusan duka tutiya, kuma wannan rigar ce ke tsare shi. Zallan alminiyum ya fi shi jure gishiri, amma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Bayan ruwan Yuni na bana na hau tsani na duba, ban sami ɗigon tsatsa ba, sai a gefe guda inda aka bar garin ƙarfen da ya zuba lokacin huda ramuka ba a share ba. Wannan sakacin masu aiki ne.

Inda nake roƙon mai saye ya buɗe ido shi ne kauri. A shagon farko da na shiga an nuna mini kwano an ce 0.4 ne, sai kafintanmu ya kama bakinsa da yatsu biyu ya lanƙwasa, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ko 0.3 da ƙyar ya kai." Muka nemi a auna a gabanmu aka ƙi, muka fita. Inda muka saya daga baya sun auna ba tare da gardama ba, suka yanka mana kowane falle daidai tsawon rufin daga ƙololuwa zuwa indararo, don haka babu mahaɗa a tsakiya, alhali ta irin wannan mahaɗar tsohon rufin ya fi yoyo. Sai dai sun yi jinkirin kwana huɗu wajen kawo kaya, bayan mun riga mun yaye ɗakuna biyu, kuma wannan ya sosa mini rai ƙwarai saboda tsohuwa ce ke kwana a gidan.

Aibinsa babba shi ne ƙara. Idan ruwa ya sauko da ƙarfi, ɗakin da ba mu sa wa silin ba ko karatun yara ba a ji, kuma a watan Maris zafinsa ya fi na sauran ɗakunan nesa ba kusa ba. Duk wanda zai saye shi ya haɗa kuɗin silin cikin lissafinsa tun farko, ya sa wa katako maganin gara, ya ɗaure kwanon da ƙusa mai murɗi wadda ke da roba a wuya, kuma ya hana magini barin ɗanyen siminti a kansa, domin siminti yana cin rigar alminiyum. Ɗakin da ya rage za mu sa masa silin kafin ruwan Afrilu, in Allah ya yarda.