Kuala Lumpur, Bangkok ko Singafo: ina ya kamata ka kai kuɗin hutunka?

Duk wanda ya tara ɗan abinsa yana son ya leƙa kudu maso gabashin Asiya yawon buɗe ido, sunaye uku ne yake ji a bakin mutane, Kuala Lumpur da Bangkok da Singafo, wasu su ƙara masa da Jakarta. Ni dai tun daga farko in faɗa muku inda na karkata, Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, nake tura mutane, balle wanda zai tafi da iyali ko wanda wannan ce fitarsa ta farko. Kuma abin da nake dubawa ba tsayin gini ba ne ko kyan hoto, abu uku ne, shin zan ci abinci hankalina kwance, shin zan samu inda zan yi salla ba tare da na yi ta bulayi ba, sannan shin mutanen garin za su bar ni in yi kallona ko kuwa kowane taku sai wani ya tare ni da wata dabara.

A Kuala Lumpur maganar abinci da salla ka cire su daga cikin damuwarka. Kusan duk babban kanti da ka shiga akwai ɗakin salla da wurin alwala, su surau suke ce masa, za ka ga alamarsa kusa da ta banɗaki, bangaren maza daban na mata daban, har da hijabin aro a na matan. Filin jirgi akwai, manyan tashoshi akwai, wuraren hutawa na kan babbar hanya akwai. Sai dai ka lura da lokaci, suna gaban Najeriya da Nijar da awa 7, kuma agogonsu ya ɗan yi gaba da rana, asuba wajen ƙarfe 6 take, azahar sai bayan ƙarfe 1, magariba kuma bayan 7. Abinci kuwa hukumar addini ta ƙasar, JAKIM, ita ke ba da tambarin halal kuma suna ɗaukar abin da gaske. Ga shagunan mamak na Indiyawa Musulmi da wasu ba sa rufewa dare da rana, ka zauna a kawo maka roti canai, wata irin gurasa, da miya da shayin madara da suke kira teh tarik da kuɗi kaɗan, ko ka tafi Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ke nan tsakiyar gari gidajen katako a ƙasa dogayen benaye sun kewaye su, ka ci nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, da kifi gasasshe. Wanda kuma cikinsa ba ya son baƙon abinci ya nufi Bukit Bintang, gidajen abincin Larabawa sun cika wajen, mandi da kabsa da shawarma duk akwai. Amma a kula da Jalan Alor, titin nan na abincin dare da kowa ke ɗora hotonsa, yawancin masu sayarwa a nan 'yan Sin ne kuma naman alade da giya sun yi yawa, ka je ka yi kallo ka sayi 'ya'yan itace amma kar ka zauna ci sai ka tabbatar.

Abin kallo kam ba a magana. Tagwayen benen Petronas, mita 452, hawa 88, su ne suka riƙe kambun gini mafi tsayi a duniya daga 1998 har 2004, kuma an zana tushensu ne a kan tauraro mai kusurwa takwas irin na adon Musulunci. Ana hawa gadar da ta haɗa su a hawa na 41 da 42 sannan a wuce hawa na 86, tikitin yana ƙarewa da wuri don haka ka saya a shafinsu na intanet tun kafin ranar. Wanda bai son kashe kuɗin ma ba abin da ya rasa sosai, da daddare ka zauna a lambun da ke bayan ginin ana wasan ruwa da fitilu kyauta, yara na guje-guje, ga masallaci nan cikin lambun. Yanzu ma sun ƙara da Merdeka 118 wanda ya kusa mita 679, Burj Khalifa na Dubai ne kawai ya fi shi.

Amma wurin da ya fi zauna min a rai, wanda kuma masu shirya yawo ba su cika kai mutane ba saboda babu kamisho a ciki, shi ne gidan adana kayan tarihin fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a 1998, yana kusa da babban masallacin ƙasa, Masjid Negara, na 1965. Wallahi ka ba wurin nan rabin yini. Akwai ɗakin da aka jera ƙananan samfurin manyan masallatan duniya, Harami da masallacin Madina da na Turkiyya da na Samarkand da na ƙasar Sin wanda in ba a faɗa maka ba ba za ka ce masallaci ba ne, akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu da aka yi wa ado da ruwan zinare, akwai takubba da sulke da tufafi da kayan adon mata daga Indiya da Farisa da yankin Malayawa. Mai ɗalibai ko mai 'ya'ya masu karatun islamiyya, wannan ya fi masa kowane wurin wasa amfani. Ka fito ka yi azahar a Masjid Negara, ka gangara lambun tsuntsaye da ke nan kusa, yini ya tafi ba ka sani ba.

Batu Caves kuma jirgin ƙasa na KTM daga KL Sentral, babbar tashar jiragen ƙasa ta garin, zai kai ka har bakin wurin. Kogo ne babba cikin dutse, matattakala 272 masu launi-launi, ga wani ƙaton gunki mai ruwan zinare kusan mita 43 a ƙofa, wurin bautar 'yan Hindu ne, na faɗa ne don kowa ya san abin da zai tarar ya yanke wa kansa shawara. In za ka je ka tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma kar ka riƙe leda ko kwalbar lemo a hannu, biran wurin fizge suke yi. Putrajaya ma, garin ma'aikatun gwamnati da ke kusa da Kuala Lumpur, ta cancanci yamma guda saboda masallacin Putra mai ruwan hoda a bakin tafki, in kuma akwai kwana na rara a hau bas awa biyu zuwa Melaka, tsohuwar daular Musulunci da Turawan Fotugal suka ci a 1511.

Zirga-zirga ma sauƙi gare ta. Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa na KLIA Ekspres, wajen rabin awa zuwa KL Sentral a kan ringgit 55 na kuɗin Malesiya, in kun kai ku uku gara ku kira mota ta manhajar Grab, ta fi araha. A cikin gari ka sayi katin Touch 'n Go ka riƙa hawa jiragen ƙasa. Otal kuma za su karɓi ringgit 10 na harajin baƙi kowane ɗaki kowane dare, wannan doka ce ba cuta ba, kar a tada jijiyar wuya a kai.

Singafo fa? Tsaf-tsaf, ba mai damun ka, lambun Gardens by the Bay da masallacin Sultan a Kampong Glam da ruwan nan mai zubowa a cikin filin jirgin Changi duk sun yi kyau, amma kuɗin ɗaki guda a can zai kama maka biyu ko uku a Kuala Lumpur, kwana biyu sun ishe ta. Jakarta ta Indonesiya tana da masallacin Istiƙlal, mafi girma a duk yankin, da kasuwar yadi ta Tanah Abang, sai dai cunkoson motoci zai cinye maka hutun, ga bizarsu da wuya ga mai fasfon Najeriya. Biyetnam kuwa neman abincin halal kaɗai aiki ne.

Bangkok, babban birnin Tailan, ita ce mutane ke gardama da ni a kanta, musamman 'yan kasuwarmu da suka saba da kasuwar tufafi ta Pratunam. Ban ce ba ta da kyau ba. Fadar sarki da aka fara ginawa a 1782, shiga baht 500 na kuɗin ƙasar, wurin bautar Buda na Wat Pho mai gunkin nan a kwance mita 46, jirgin ruwan haya a kogin Chao Phraya da kuɗi ƙalilan, kasuwar Chatuchak ta Asabar da Lahadi mai dubban rumfuna, unguwar Larabawa a Nana inda abincin halal yake. Ga mai sarin kaya ta fi Kuala Lumpur, na yarda. Amma ga mai neman hutu, garin yana sa ka zama cikin shiri kullum kamar mai gadi, kuma abin da aka yi min a can shi ya sa nake tsananta magana.

Ga yadda suke yi. Kana dosar fadar sarki sai wani mutum mai shiga ta kamala, wani lokaci har da ɗan kati rataye a wuya, ya tare ka da fara'a da Turanci mai kyau, ya tambaye ka daga ina, ya ce ai yau an rufe fada ana wani biki sai da rana za a buɗe. Ya ciro taswira ya zana maka wasu wurare, ya ɗaga hannu sai ga tuk-tuk, wato adaidaita sahunsu, ya ce baht 20 ko 40 kacal zai zaga da kai duka. Za a kai ka wani ɗan wurin bauta da ba kowa, a can sai ka haɗu da wani wai shi ma baƙo ne, ya ba ka labarin wani shagon duwatsu masu daraja da gwamnati ta yi wa rangwame kuma yau ce rana ta ƙarshe, wai in ka saya ka kai ƙasarku za ka ninka kuɗinka. Duk bakinsu ɗaya. Daga nan shagon duwatsu, daga nan shagon tela, direban yana roƙon ka wai ka shiga ko minti goma ne don a ba shi takardar shan mai. Ni haka aka cinye min safiya guda cur, da na ƙi sayen komai direban ya canza fuska ya sauke ni a wata unguwa da ban sani ba ya yi gaba, alhali fadar a buɗe take tun ƙarfe 8 da rabi, kusan kullum a buɗe take. Wanda ya saya kuwa duwatsun ba su kai ko kusa da abin da ya biya ba, kuma kuɗin sun tafi ke nan. Don haka duk wanda ya tare ka a titi ya ce wuri a rufe yake, kar ka tsaya, ka je bakin ƙofa ka gani da idonka. Mai tasi da ya ce mitarsa ta lalace ka sauka. Masu kai mutane kasuwar kan ruwa ta Damnoen Saduak, wajen kilomita 100 daga gari, wasu sai su sauke ka a wata mashiga ta daban inda kuɗin kwalekwale ya ninka sau da yawa, ka tabbatar kuɗin da ka biya ya haɗa da kwalekwalen kuma a rubuce. Sannan bakinka ya kiyayi sarkinsu ko da wasa, ɗauri ake yi a kai.

Kar wani ya ɗauka Kuala Lumpur babu nata. Akwai masu tasi da ke tsayawa bakin manyan kantuna su yanka maka kuɗi ba mita, Grab ta raba ka da su. Akwai masu shigar limaman Buda da ke miƙo maka ɗan abin hannu ko kati mai ƙyalli, kana karɓa su nemi kuɗi. Akwai masu fizgen jaka a kan babur, Hajiya ki riƙe jakarki ta ɓangaren da ba titi ba. Akwai wanda zai zo da fara'a ya ce yana so ya ga irin kuɗin ƙasarku, kana buɗe walat ya zare na ciki. Petaling Street kuwa agogo da jaka da turare da takalmi masu manyan sunaye duk jabu ne, in ka sani kana so to ka taya ƙasa sosai, amma kar ka kawo wa surukarka ka ce na asali ne. Tsaraba ta mutunci tana Central Market da Jalan Masjid India da Jalan Tuanku Abdul Rahman, gyale da yadin batik da jallabiya.

Babbar cutar ma tun daga gida take farawa. Ejan ya karɓi kuɗinka ya haɗa maka takardar otal ta bogi da tikitin dawowa da ba a biya ba, ka sha doguwar tafiya ta Doha ko Addis Ababa, jami'in shige da fice ya duba ya ga babu, a mayar da kai a jirgi na gaba, kuma gaskiya mai fasfon ƙasashenmu ana tsananta masa tambaya fiye da wasu. Ka kira otal ɗin da kanka, ka duba tikitin a shafin kamfanin jirgin, ka riƙe katin rigakafin shawara, Malesiya kuma akwai fom ɗin isowa da ake cikewa ta intanet kafin ka sauka, kyauta ne a shafin gwamnati, amma akwai shafukan bogi da ke karɓar kuɗi a kansa. Kuma don Allah kar ka karɓi saƙon kowa, ko ƙulli ko jaka ko kwalin magani, ko da ɗan unguwarku ne ya haɗa ka da mai shi. Malesiya da Singafo da Indonesiya dukkansu suna da hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya. Maganin da kake sha ma ka bar shi cikin kwalinsa, ka haɗa da takardar likita.