Ziyarata Gidan Makama: ranar da na ga lifidi da idona

'Yata ce ta kai ni Gidan Makama, gidan tarihin da ke birnin Kano. Wani dare tana karatu ta ɗago kai ta ce, "Baba, mene ne lifidi?" Na ce kayan yaƙi ne na mutanen da. Ta ce wane iri? Sai na yi shiru. Kalmar na sha jin ta a bakin maroƙa da waƙoƙin sarauta, amma ban taɓa ganin abin ba. Ranar Asabar na kama hannunta muka hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Kudu.

Gidan yana daura da fadar Sarkin Kano. Tun ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da wani sashe nasa a matsayin ofis. Yanzu Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ke riƙe da shi. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fara kama ni ginin ne kansa. Muna shiga zaure zafin ranar nan ya yanke, kamar an zuba mana ruwan randa. Mai yi mana jagora ya nuna sama ya ce, "Malam, wannan shi ne ɗaurin guga." Na tsaya ina kallon yadda bakunan suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, babu ƙarfe babu siminti, sai tubali da azara. Ya ce daga giginya ake tsaga azara, kuma gara ba ta cinta da wuri. Daga nan ya ambaci makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa a shafe bango da ita don kada damina ta zaizaye shi. Rabon da in ji wannan kalma tun kakata tana da rai. Har sai da idona ya ciko.

Mun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, masu nauyi, an daddage su da ƙarfe. Mun ga tambura da kakaki, da hotunan hawan sallah na da. Waɗannan mun wuce su da sauri, don hankalin yarinyar yana wani wuri.

Sai ga lifidin. Ashe riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, ana sa wa doki da mahayinsa don kibiya ko mashi kada su ratsa. Ga sulke, ƙananan zobban ƙarfe an sarƙa su ɗaya cikin ɗaya, ga kwalkwali. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da waɗannan ukun ƙasar Hausa. Na sha karanta wannan, amma sai da na tsaya gabansu na yi tunanin dokin da zai ɗauki wannan kaya da mutum a kai, cikin zafin bazara, ya kuma yi sukuwa. Yarinyar ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ashe yaƙi wahala ne."

Ɗakin amarya shi ya fi burge ta. Jeren tasoshi da ƙore da faifai, ga akushi. Ta tambayi sunan kowanne, tana rubutawa a bayan littafinta.

Duk mai niyyar zuwa, ya nemi mai jagora, don rabin daɗin wurin a bakinsu yake. Ya ware awa biyu, ya tafi da safe, kuma ya ɗauki yara da biro da takarda. Mu da muka dawo gida kalmomi goma sha huɗu muka ƙirga a littafinta, biyar a ciki ni ma ranar na fara sanin ainihin ma'anarsu. Yanzu ta matsa sai na kai ta Dutsen Dala ƙarshen wata.