Wata biyar da abin toshe kunnen Abba

Injin markaɗen maƙwabtanmu ne ya sa na saye shi. Da an tayar da injin nan da hantsi, Abba zai dafe kunnuwansa da hannu biyu, ya shige ƙarƙashin gado yana wani irin ihu wanda kowace uwa ta san ba na rigima ba ne. Shekararsa uku da rabi, kalmomin da yake faɗa ba su kai goma ba, kuma sau da yawa in an kira sunansa ba ya waiwayowa. Kakarsa ta ce min, "Ke dai ki kwantar da hankalinki, ubansa ma bakinsa bai buɗe da wuri ba." Wata maƙwabciya kuwa ta ce shafar iska ce. Mun yi addu'a, mun kuma je asibiti. Aka fara gwada jinsa, aka ce kunne lafiya lau. Likitar yara ta ce tana zargin otizim, wanda wasu ke kira galahanga, amma sai an ci gaba da bibiyarsa kafin a tabbatar. Ita ta ba ni shawarar abin toshe kunne.

Ba irin na jin waƙa ba ne, babu batir, babu waya. Kofuna biyu ne masu soso a ciki da maɗauri ta saman kai, irin na ma'aikatan filin jirgi, sai dai daidai kan yara. A jikin kwalin an rubuta yana rage ƙara da desibel 25, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Na gwada a kaina: ina jin maganar wanda ke kusa da ni, amma rurin janareta ya koma kamar daga wata unguwa yake zuwa.

Ranar farko jifa ya yi da shi. Rana ta biyu ma haka. Sai na daina bin sa da shi, na riƙa sawa ina wanke-wanke, yayarsa ma takan sa ta yi ta yawo a tsakar gida. Mun kai sati uku a haka. Ran nan ina tsinkar zogale injin ya tashi, sai na ga ya ruga ɗaki. Na ce shi ke nan, ƙarƙashin gado. Ashe abin ya ɗauko. Ya miƙo min, ya sunkuyar da kai in sa masa, sannan ya koma kan tabarma ya ci gaba da jera murafen lemo a layi. Zogalen nan ban ƙarasa tsinkarsa ba.

A bikin ƙanwar maigida, ranar kamu, lasifika na ta ruri, ya zauna a cinyata kusan awa guda. Da can minti biyar ba ma yi muke neman ƙofa.

Sai dai zafin Kano bai yi masa da daɗi ba. A watan Afrilu gumi yake taruwa a cikin kofunan, har ƙuraje suka fito masa a bayan kunne, na koma goge su duk bayan ɗan lokaci. Maɗaurin ya zo da matsi sosai, sai da na kwana biyu ina ɗame shi a jikin gwangwanin madara ya ɗan saki. Robar bakin kuma a wata na huɗu ta fara tsagewa, abin da bai kamata a kuɗinsa ba. Ga idon mutane. Wani mai adaidaita sahu ya ce, "Hajiya, wannan matuƙin jirgi ne?" Wannan dariya na yi. Masu tambayar ko kurma ne su ne ke ɓata min rai.

Likitar ta ja min kunne kada ya wuni da shi, don kunne na iya ƙara kasa jure ƙara, kuma yaron da ke koyon magana dole ya riƙa jin ta. A titi ma ba na sakin hannunsa, tunda hon ɗin mota a dushe yake jin sa.

Maganarsa dai tana nan inda take, muna jiran ranar ganin mai koyar da magana. Na riga na aika a sayo na biyu, ya zauna a jakata, don sau biyu muna juyowa daga hanya saboda mun manta shi a gida.