Tsohon Transformers: na asali, sabon bugu, ko jabu?

Waɗannan mutum-mutumin wasa da ke rikiɗa su koma mota ko jirgi sun fito ne a 1984, lokacin da kamfanin Hasbro na Amurka ya karɓi samfuran kayan wasa na Diaclone da Micro Change daga kamfanin Takara na Japan. Masu tarawa suna kiran wannan zubin farko G1.

Na asali shi ne mai tsada. Juya shi ka nemi hatimin Takara ko Hasbro da shekara a jikinsa. Optimus Prime na farko, wanda ke komawa babbar mota, yana da ƙarfe a ƙirji da tayoyin roba, amma kuɗinsa yana ga ƙananan kayansa: dunƙulen hannu biyu, bindiga, tirela da 'yar motar cikinta. In babu hannayen, a rage farashi sosai. Daga 1985 aka fara manna musu wata takarda da ke nuna tambari idan an murza ta da yatsa, sai dai masu jabu ma sun iya ta.

Robar ce babbar matsala. Mai ruwan zinariya ta ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, irin ta Black Zarak, tana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli ko ba a taɓa ta ba, kuma gam ba ya riƙe ta. Farar roba, kamar ta Jetfire, rana ke mayar da ita ruwan ɗorawa. A Kaduna kuwa, damina na sa sukurori tsatsa, ƙurar hunturu na shiga gaɓoɓi, don haka sai kabad mai gilashi nesa da taga.

Ga mai farawa, sabon bugu ya fi: jerin Encore na kamfanin Takara Tomy daga 2007, da ƙira ɗaya da ta asali, roba sabuwa, kaya cikakku. Jabu na Sin yana da araha, gaɓoɓinsa na saurin saki, kuma ba ya sayuwa daga baya.

A dilolin gwanjo na Kasuwar Barci a Kaduna, abin da aka fi tsinta na zamanin fina-finan Transformers ne, daga 2007, ba G1 ba. Mai oda ta eBay, kasuwar intanet, ya haɗa kuɗin dala, na jirgi da na kwastan kafin ya taya. Megatron na farko kam a bar shi: bindiga ƙirar Walther P38 yake komawa, kuma bayaninsa a shingen bincike zai yi wuya.