Kundin ElfQuest da na saya, da shafukan Nightrunner da aka yage

Sati biyar na yi ina jiran littafin nan. Kun san yadda odar kaya daga waje take yanzu, kun kuma san inda dala ta kai kuɗin littafi, don haka ba sai na faɗi abin da na tura ba. Abin da na nema shi ne kundin farko na ElfQuest, labarin zane-zane, mai kaurin nan, baƙi da fari, sama da shafi 700, wanda ya tattara labarin asali da Wendy Pini da mijinta Richard Pini suka fara fitarwa a 1978 suka kammala a 1984. Sau biyu na tambayi mai sayarwar, na ce, "Malam, sabo ne ko na hannu?" Ya ce, "Yallaɓai, sabo dal, ko buɗe shi ba a yi ba." Da ya iso na ga ledar ba irin ta kamfani ba ce, gefen bangon kuma ya ɗan lanƙwashe. Na ce wahalar hanya ce, na bar maganar.

Dare uku na farko ban yi da-na-sani ba ko kaɗan. Ni dama kyarketan ne suka ja ni. Mutanen labarin wasu gajerun halittu ne da ake kira elf, masu kunnuwa masu tsini da yatsu huɗu, suna zaune a wata duniya mai wata biyu. Kada wani ya ɗauka aljanu ne, suna jin yunwa, suna zubar da jini, suna mutuwa. Ƙabilar da aka fi bi su goma sha bakwai ne kacal a farkon labari, kowane baligi da kyarkecinsa da yake hawa zuwa farauta. Ba kiwo ba ne irin na kare da ubangidansa. Jini ɗaya ne. Kakarsu ta farko, Timmain, ta rikiɗa ta zama kyarkeci don ta koyi yadda ake rayuwa a dajin da suka tsinci kansu, ta haifi Timmorn, rabi elf rabi kyarkeci, shi ne sarkinsu na farko. Daga tsatsonsa mahayan suka fito, kyarketan garken ma suna ɗauke da wannan jinin. Shi ya sa mahayi da kyarkecinsa suke iya aika wa juna tunani ba tare da buɗe baki ba.

Tsarin zamansu shi ne abin da ya fi burge ni. Sarauta ta gado ce, Cutter shi ne na goma sha ɗaya, sarakuna goma sun gabace shi tun daga Timmorn har ubansa Bearclaw, kuma a cikin goman akwai mata irin su Rahnee da Skyfire da Goodtree. Amma gadon ba ya hana a ƙalubalance ka. Sarki ba shi da fada, ba shi da dogarai, alamarsa kawai tukkun gashin da yake ɗaurewa a ka. Shi ne a gaba in ana gudu, shi ne a gaba in ana faɗa. Strongbow, maharbin nan mai riƙon al'ada wanda da ƙyar yake magana da baki, yana kafa wa Cutter ido su yi ta ja-in-ja da tunani har ɗaya ya sunkuyar da kai, kamar dai yadda kyarketai biyu suke yi. Wanda ya sunkuya ba a kore shi, gobe tare za a fita farauta. Treestump, kawun Cutter, shi ne dattijon da yake sanyaya yaron in jininsa ya hau. Moonshade ce mai jima da ɗinkin tufafi, Scouter mai kaifin ido ne ɗan leƙen hanya, Pike mai riƙe labaran da, Skywise aminin sarki mai karatun taurari. Nightfall mace ce amma ita ce jarumar farauta, mijinta Redlance kuwa mai sanyin hali ne, hankalinsa na kan itatuwa. Kowa da gurbinsa, kuma da mutum ɗaya ya faɗi sai ka ga ramin da ya bari, domin su kaɗan ne.

A nan nake cewa littafin ya ci tauraro biyar. Sai dare na huɗu.

Bayan 'yan Adam sun ƙone musu dajinsu, sun ratsa hamada, sun zauna shekaru a ƙauyen Sorrow's End, Cutter ya auri Leetah mai warkarwa har sun haifi tagwaye, sai shi da Skywise suka fita neman sauran ƙabilun elf. Su biyu ne da kyarketansu biyu, Nightrunner na Cutter da Starjumper na Skywise. Tun daga farkon tafiyar mai zanen take nuna maka Nightrunner ya tsufa. Ba da surutu ba, da zane: yadda yake sauke kai, yadda yake kwanciya, yadda tafiyar take cin ƙafafunsa. Wannan shi ne jagoran garke, wanda tun Cutter yana yaro suke tare. Na san ana shirya mini wani abu, zuciyata ta riga ta fara nauyi. Na juya shafi, sai na ga labari ya yi tsalle. Cutter da Skywise suna wani wuri dabam, a ƙasa suke tafiya, babu kyarkeci ko ɗaya. Na koma baya, na sake juyawa, na ɗauka shafuka ne suka manne. Na duba lambobin ƙasa, ba su bi juna ba. Da na buɗe tsakiyar littafin sosai na haska fitilar waya, sai ga guntayen takarda a jikin ɗaurin. Yage su aka yi, da hannu, a tsanake, irin yagar wanda yake son ya manna hoton a bango. Ganye huɗu.

Wallahi na daɗe ban ji ɓacin rai irin na daren nan ba. Da a wani wuri aka yage, wurin faɗa da dodannin ƙarƙashin ƙasa ko wurin wata doguwar hira, da na haƙura. Amma a duk shafi ɗari bakwai da wani abu, wanda ya riga ni mallakar littafin bai ga abin ɗauka ba sai rabuwar Cutter da kyarkecinsa, abin da na biya kuɗina na jira sati biyar dominsa. Ƙarfe ɗaya na dare na tura wa mai sayarwar hotuna. Da safe ya amsa, "Yallaɓai, haka ya zo mini, ni ma ban buɗe ba." Na ce, "Malam, kai ka ce mini sabo ne, sau biyu." Ya ce in yi haƙuri zai yi magana da mutanensa. Yau kwana goma sha tara.

Abin da ya cece ni shi ne masu littafin sun daɗe da sanya tsofaffin fitowar a shafinsu na intanet kyauta. A waya na karanta wurin, ina jan hoton da yatsa yana girma yana ƙanƙancewa. Nightrunner ba zai iya ci gaba ba, ƙafafunsa sun gaji, Cutter ya sallame shi ya koma daji, Starjumper ya bi shi don ya kula da shi ya riƙa yi masa farauta. Babu wani dogon jawabi. Can gaba a labarin Starjumper ya dawo shi kaɗai, kowa ya gane abin da hakan yake nufi. Na ajiye wayar na yi shiru na ɗan lokaci. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon da ya riƙe gida da ƙarfinsa ya kai ranar da sai an kawo masa abinci har ɗaki zai gane abin da aka zana a wurin. Kuma abin da ya ƙara masa nauyi shi ne mahayan suna rayuwa ɗaruruwan shekaru, kyarketansu ba sa kaiwa ko kusa, wato duk wanda ya ƙulla wannan zumunci ya san zai yi irin wannan bankwana ba sau ɗaya ba. Suna da wata hanyar tunani da suka koya daga kyarketan, ta zama a cikin yanzu kawai, ba jiya ba gobe, ita ce take ba su damar yin kukansu su tashi su ci gaba. Cutter shi ne wanda ya fara kasa tsayawa a cikin wannan yanzun, yana tuna baya yana lissafin gaba, kuma daga nan ne rigimarsa da Strongbow take samun tushe.

To amma da na huce na ci gaba da karatu a takarda, sai wani ƙorafin ya taso, wannan kuma ba laifin mai sayarwa ba ne. Bayan Nightrunner, kyarketan sun koma baya sosai. Rabin littafin na biyu na Blue Mountain ne, wani dutse da wata ƙabilar elf take zaune a cikinsa, da Winnowill, wata mace a cikinsu, da makircinta, sai yaƙin ƙasar ƙanƙara. Labari ne mai kyau, ban musa ba, amma ni garken nake nema. Wa ya karɓi jagorancin kyarketan a zahiri, ta yaya, wace ta haihu, ina 'yan baya suke tsayawa in an kashe nama? An ba mu Choplicker, ɗan kwikwiyon Ember 'yar Cutter, an ba mu Briersting na Strongbow, amma yawancinsu suna ne da siffa kawai. Tsarin matsayi da aka zana da kyau na elf ɗin ne, na kyarketan an bar shi a inuwa, kamar dai matsayin kyarkeci yana bin na mahayinsa ne kurum. Ga wanda ya sayi littafin don su, wannan ragi ne babba.

Akwai kuma abin da ya kamata mai karatu na yau ya sani. A shekarun da aka zana labarin, abin da duniya ta ɗauka game da kyarketai shi ne garke fagen kokawa ne, mafi ƙarfi ya danne kowa ya zama alfa, wato shugaba. Wannan tunanin ya samo asali ne daga binciken Rudolf Schenkel na 1947 a kan kyarketan da aka tara a gidan ajiye namun daji na Basel a Suwizalan, dabbobin da ba dangin juna ba aka kulle wuri ɗaya. Littafin David Mech na 1970 ya ƙara yaɗa shi. Shi Mech ɗin da kansa, bayan ya shafe damina da dama yana kallon kyarketai a sake a tsibirin Ellesmere na Kanada, ya rubuta a 1999 cewa garke a daji iyali ne kawai: uwa da uba da 'ya'yansu, yaran in sun girma su watse su kafa nasu. Kallon-kallon Cutter da Strongbow ɗan wancan tsohon tunanin ne. Abin mamakin shi ne sauran labarin ya fi kusa da abin da aka gano daga baya, domin abin da yake riƙe da ƙabilar ba tsoron sarki ba ne, dangantaka ce, kawu da ɗan 'yar'uwa, miji da mata, ƙarami yana ciyar da tsoho. Starjumper da ya bi Nightrunner bai bi shi don ƙarfi ba, ƙarfin ya riga ya ƙare. Wannan ya sa na sake ɗaga littafin a raina bayan na sauke shi.

Zanen kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Baƙi da farin ya fi mini mai launin da na gani a waya, gashin kyarketan da inuwar daji sun fi fitowa. Nauyinsa dai sai ka ɗora a kan filo.

Gargaɗi ɗaya, kuma shi ma ya dawo da ni kan mai sayarwar. Da nake ciniki na gaya masa ina so in na gama in ba ɗan yayata mai shekara goma sha ɗaya, ya ce ai littafin yara ne, zane ne kawai. Ba na yara ba ne. Shigar wasu matan a ciki ba ta da kamun kai ko kaɗan, al'adarsu ta aure da tarayya ta yi nesa da tamu ƙwarai, akwai wani dare kafin yaƙi a wajen ƙarshe da ba zan so yaro ya buɗe ba, ga jini a fagen yaƙin ba a ɓoye shi ba. Allah ya sa ni na fara karantawa. Mutumin da bai san ko shafukan kayansa sun cika ba, ina zai san abin da ke cikinsu? Da ya ce mini bai sani ba tun farko, da ban ji zafi haka ba.

Labarin ina ba shi tauraro huɗu, ɗayan na cire ne saboda kyarketan da aka mayar 'yan rakiya a rabin ƙarshe. Cinikin kuwa ɗaya, shi ma don littafin ya iso ne. In za ku saya daga masu kawo na waje, ku sa a ɗauki bidiyon lambobin shafukan ana juyawa kafin ku tura kuɗi, musamman tsakiyar littafin. Nawa yana saman durowa inda yara ba sa kaiwa, na saka farar takarda a inda ganye huɗun suke. Jiya na sake tura wa mutumin saƙo, alamar ta nuna ya karanta.