Wace manhajar lissafi ce za ta iya da farashin asusunka na haɗaka?

Wani ƙanina da ke koyarwa a Zariya ya kawo mini kwamfutarsa ran wata Asabar, ransa a jagule. Shekara biyu ke nan yana zuba ɗan abin da ya samu a wani asusun haɗaka na halal, irin wanda ake tara kuɗin jama'a a danƙa wa ƙwararru su juya. Amma kullum ya buɗe manhajar da yake lissafi da ita, farashin ranar da ya fara saye yake gani. Ya ce, "Yaya, anya kuɗin nan suna motsi kuwa?" Suna motsi mana, manhajar ce ba ta san inda za ta ɗauko sabon farashi ba. Tun daga ranar, duk wanda ya nemi shawarata sai in ce ya fara gwada manhaja da nasa asusun kafin ya kwashe lissafinsa ya zuba a ciki.

Farashin yunit, wato kaso ɗaya da kake saye, na asusun haɗaka ba ya hawa da sauka a kowane minti kamar hannun jari. Sau ɗaya ake fitar da shi a rana. A Amurka sai an tashi kasuwa ƙarfe 4 na yamma agogon New York, don haka wanda ya duba da hantsi a Kano ya ga na jiya, ba abin da ya lalace. Asusan can suna da laƙabi mai harufa biyar da ke ƙarewa da X, kamar VFIAX, kuma kusan kowace manhaja ta san su. Namu na gida kuwa, irin su Lotus Halal Investment Fund da Stanbic IBTC Imaan Fund, sai dai ka nemi farashinsu a shafin kamfanin da ke kula da su, ko a jadawalin da hukumar SEC ta Najeriya, mai kula da kasuwar jari, take fitarwa mako-mako. Manyan majiyoyin farashi na waje ba su cika ɗauke da su ba. Nan gizo ke saƙar.

GnuCash ita na fi sani, kuma kyauta ce. Tana riƙe lissafin gida gaba ɗaya, daga albashi da cefane har bashi da jari, kowane kobo sai ka faɗi inda ya fito da inda ya nufa. Ba da kanta take ɗauko farashi ba, wata ƙaramar manhaja mai suna Finance::Quote take aika, wadda aka rubuta da Perl, wani yaren rubuta manhaja. A Windows dole ka girka Perl ɗin daban, kuma mutane da yawa a nan suke makalewa. Ita ma ƴar aiken tana dogara ne da shafukan wasu. A Nuwamba 2017 Yahoo ta rufe tsohuwar hanyar da ake jan farashi, masu amfani da GnuCash a ko'ina suka wayi gari ba farashi. Da dama suka koma wata majiyar farashi mai suna Alpha Vantage, wadda ke buƙatar mabuɗi, wato lambar izini, kuma na kyauta buƙata 25 kacal yake bayarwa a rana. In farashi ya daina zuwa, fara da sabunta Finance::Quote, sannan ka duba laƙabin asusun da majiyar da ka zaɓa masa. Abin da ya sa duk da haka nake son GnuCash shi ne tana karɓar farashi daga fayil ɗin CSV, wato jadawali da aka adana a matsayin rubutu zalla, tana kuma barinka ka rubuta da hannu cikin sauƙi.

Portfolio Performance, wadda aka fara a Jamus, ita ma kyauta ce, kuma a harkar jari ta fi GnuCash dabara. Za ka iya ba ta adireshin shafin da ke da jadawalin farashi ta riƙa karantowa, matuƙar shafin bai sauya fasali ba. Tana nuna ainihin ribar da ka ci bayan la'akari da lokutan da ka zuba kuɗi. Sai dai ba ruwanta da kuɗin makarantar yara ko na wuta. KMyMoney tana tsakiya: tana lissafin gida, tana kuma barinka ka tsara majiyar farashi da kanka, amma aikin na mai haƙuri ne da ɗan sanin kwamfuta.

Na kuɗi fa? Quicken don Amurka da Kanada aka yi ta, kuma biya ake yi duk shekara. Mazaunin Kaduna ko Maraɗi mai asusun gida ba zai mori abin da ya biya ba. Moneydance tana ba da damar gwaji kafin saye, to ka yi amfani da damar, ka sa asusunka ka gani da idonka. Mai asusu ɗaya ko biyu kuwa, Google Sheets ko Excel sun ishe shi.

Duk wadda ka ɗauka, a wurin shigar da fayil aka fi yin tuntuɓe, kuma kuskuren ba ya ihu. Kwanan wata shi ne na farko: 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris. Manhaja za ta haɗiye shi ba musu, sai ta iso ranar 13 ta rasa wata na 13, sannan ta koka. Ka rubuta 2024-04-03 ka huta. Ƴan'uwanmu na Nijar da ke bin tsarin Faransanci suna sa waƙafi inda muke sa ɗigo, 1250,75 maimakon 1250.75, don haka a duba wane tsari aka zaɓa. Mai asusun Ingila ya lura ko da fam aka ba shi farashi ko da fani (pence), domin bambancin ninki 100 ne. Asusan Najeriya da dama suna fitar da farashi biyu, na saye da na mayarwa. Na mayarwa za ka shigar, shi ne abin da zai shigo hannunka in ka fita yau. Asusan kasuwar kuɗi kuma, wato masu zuba kuɗi a bashin gajeren lokaci, farashinsu a tsaye yake, wasu naira 100, wasu naira 1, ribar daban ake biya. Wanda ya zauna jiran wannan farashi ya motsa zai daɗe, ribar ya kamata ya rubuta a matsayin kuɗin shiga ko ƙarin yunit.

Ƙanin nawa GnuCash muka sa masa, tunda yana son ganin albashi da jari a wuri guda. Ba mu wahalar da kanmu da Perl ba. Duk Juma'a bayan ya dawo daga masallaci yakan buɗe shafin kamfanin, ya kwafi farashin mayarwa, ya rubuta layi ɗaya. A ƙarshen wata ya ninka yunit ɗinsa da farashin, ya gwada da takardar bayanin da kamfanin ya aiko masa. Watan jiya ya kira ni ya ce sun yi daidai har kobo.